Jingar Rufin Ɗakin Hure

Ruwan ƙarshen damina ne ya ƙarasa rufin ɗakin Hure. Azara ta karye, ƙasa ta zubo a kan gadonta, Allah ya taimake ta tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure, don haka ita kaɗai ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ajiya.

Shekarar nan ce da kuɗin mai ya tashi, komai ya bi shi. Abin da ka saya da safe, da yamma ba haka za ka same shi ba. Duk da haka, da kaka ta yi, Hure ta sayar da ragonta da rabin gyaɗarta, ta ce ita da rufin ƙasa har abada, kwano za ta saka.

Ta aika aka kira mata Nababa, kafintan da ke yi wa yawancin ƙauyukan gabas da Minjibir rufi. Ya zo ya auna ɗakin, suka yi jinga: kwano, katako, ƙusa da aikin hannu duk a wuyansa. Ta ba shi mafi yawan kuɗin nan take, a kan ciko sai ya gama.

"Jibi war haka kin ga kwano a ƙofarki, Inna," in ji Nababa.

Jibin ta zo ta wuce. Aka ce yana aikin wani Alhaji a cikin Minjibir. Ta yi aike har ta gaji. Sai da aka gama cire dawa aka daɗe sannan ya bayyana da kaya a amalanke. Aiki kuwa ya yi shi da kyau, wannan ko ita ba ta musa ba. Yana cikin bugawa ta ce masa, "Nababa, tunda kana sama, ɗan jawo mini shi gaba kaɗan, na sami rumfar da zan riƙa suya." Ya ce to, ya jawo.

Ranar da ya gama, ta fito da cikon kuɗinsa ɗaure a leda. Ya duba, ya ajiye a kan turmi.

"Inna, ai wannan ba zai yi ba. Kwano ya tashi. Abin da na saya da shi ya kusa ninka wanda muka yi magana a kai."

"Jinga muka yi ko ba jinga ba?"

"Jinga ce, amma kasuwa ba ta san jinga ba."

"Da ya sauka fa, za ka dawo mini da canji?"

Nababa ya ce shi dai ba zai yi aiki ya kuma yi asara ba, ya tafi ya bar kuɗin a kan turmi. Washegari ya dawo da tsani da guduma, ya ce zai cire kwanon da ya ƙara daga aljihunsa. Hure ta ɗauko kujerar tsugunno ta zauna daidai inda zai kafa tsanin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sai dai ka taka ni ka hau," ta ce.

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Nababa ya ga abin zai zama kallo, ya ce to su je wajen Malam Iliyasu, limamin garin, duk abin da ya yanke shi ke nan. Ta ce ta yarda.

Bayan la'asar suka same shi a zaure. Hure ta zauna daga bakin ƙofa, Nababa ya durƙusa daga ciki. Malam ya bar kowa ya faɗi tasa har ƙarshe, sannan ya dubi kafintan.

"Ranar da ta ba ka kuɗin, sun isa sayen kwanon?"

"Sun isa, Allah gafarta Malam."

"Me ya hana ka saya a ranar?"

Nababa ya sunkuyar da kai. Ya ce Alhajin Minjibir ya riƙe masa kuɗin aikinsa, gidansa kuma babu ko tiya ɗaya, yara suna kallonsa. Sai ya taɓa kuɗin Hure ya sayi masara, a kan idan Alhaji ya biya ya mayar. Kafin Alhaji ya biya, kwano ya yi gaba.

Hure ta san matar Nababa, ta san yawan yaran. Amma ta tuna ragonta, ta tuna sanyin da ta sha a ɗakin ajiya, zuciyarta ta ƙi saukowa.

"Ka ji ko, Malam? Da kuɗina ya ci tuwo, yanzu kuma ni zan biya masa kuɗin miya."

Malam ya ce, "Wannan kam ba ki da laifi. Nababa, kuɗin amana ne a hannunka, jinkirin naka ne, ƙarin da ya jawo ma naka ne. Ba za ta biya ba." Ya juyo wajenta. "Amma na ji ya ambaci rumfa. Tana cikin jingar?"

"Ɗan jawowa ne kawai, Malam."

"Da kwanon wa aka jawo?"

Ta ce ita ta ɗauka cikin aikin ne, irin abin da mutum kan yi wa uwarsa. Nababa ya ce falle huɗu rumfar ta ci, ban da katako. Malam ya ce wannan sabon aiki ne, bakinta ne ya nema, kuma a farashin yanzu za ta biya, don a yanzu ta nema.

Hure ta ce ba ta da ko kwabo bayan cikon nan. Aka yi ta ja, har Nababa da kansa ya ce in akwai dawa zai karɓa, dama ita yake nema. Aka yi wa dawar kuɗi a farashin kasuwar makon. Da yamma ta buɗe rumbu ta auna masa, tana aunawa tana share bakin tiyar da hannu don kada ƙwaya ta wuce. Ya ɗauki ledar cikonsa, ya ɗora buhun a keke. Kowannensu yana ganin shi aka fi cuta. Sun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

Da bazara ta matso, ƙofar ɗakin ajiyar ta ɓalle. Babu wani kafinta kusa, dole ta sake kiran Nababa. Wannan karon ta ce aikin hannu kaɗai za ta biya, kaya ita za ta sayo da kanta. Ta tambaye shi kuɗin katako da ƙusa, ya faɗa mata abin da ya saya a makon jiya.

Ranar kasuwa ta hau mota zuwa Minjibir. Mai katako ya faɗi kuɗi, ta ce ba haka aka gaya mata ba. Ya ce wannan na makon jiya ne, Hajiya. Ta zaga rumfuna uku, duk bakinsu ɗaya. Ta sayi abin da kuɗinta suka iya, ta dawo da katakon da bai kai ba.

Nababa ya duba kayan. Ya ciro tsofaffin allunan ƙofar, ya zaɓi masu sauran ƙarfi, ya haɗa da sababbin. Hure ta zauna a rumfa tana suyar ƙuli-ƙuli. Da ta kwashe na farko, ta zuba a faranti ta tura masa.