Sakin da Zazzaɓi Ya Yi

Duk wanda ya san Malam Suhaibu masunci a Gashua ya san igiya ɗaya ta rage tsakaninsa da matarsa Ya Fanne. Biyun tun suna da ƙuruciya ya tsinke su, zamanin yana da saurin fushi. Daga nan ya kama bakinsa, shekara talatin da wani abu ko kallon banza bai ƙara yi mata ba.

Sai ga kututturen kacalla, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ya yanke shi a tafin ƙafa. Mutumin naka ya ɗaure da tsumma ya koma ruwa, wai ba komai. Taurin kai dai irin na masunta! Ƙafa ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya kayar da shi, magana ta fara kauce hanya. Ya ce kwalekwale ya shigo ɗaki. Ya gaida akuya yana tambayarta mutanen gida. Wata rana da hantsi, a gaban ƙanensa Mahfuz, ya dubi Ya Fanne tana miƙa masa kunu, ya ce ya sake ta.

Mahfuz ba mugu ba ne, tsoron saɓo ne ya kama shi. Ya ce da kunnensa ya ji, igiya ta ƙare, bai halatta ta taɓa shi ba. Ya Fanne ba ta tsaya gardama ba. Ta ajiye kofin, ta ce a bar maganar aure tukuna, a nemo mota zuwa asibiti a Nguru. Maƙwabta na cewa iska ce, ita kuwa ta ji warin ƙafar.

A mota ta zauna can baya, 'yarsu Raudatu ke riƙe da kansa. A asibiti ma ba ta taka ɗakin ba. Ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta dama kunun tsamiya a inda masu jinya ke girki, ta ba Raudatu ta kai. In ya yi nishi tana ji ta taga, sai ta miƙe zumbur, sannan ta koma ta zauna. Mata irinta sai an tona.

Likita Bushra, mai duba shi, ta lura da tsohuwar da ba ta shiga, ba ta kuma tafiya. Da ta ji dalili sai ta tsuguna gefen tabarmar ta yi mata bayani. Ta ce ƙwayoyin cuta ne suka bi ta ƙafar suka shiga jini, jiki duka ya tashi yaƙi. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai matsattsiyar saƙa kamar sabuwar zana, abinci kaɗai yake bari ya wuce. Idan kumburi ya game jiki sai saƙar ta yi sako-sako, abubuwan da jiki ke yaƙi da su su tsiyaya ciki, tunani ya dagule. Ba hauka ba ne, in magani ya ci ƙarfin cutar ana sa rai ya dawo.

"'Yata," in ji Ya Fanne, "wanda ya yi maganar nan, shi ne ko ba shi ba ne?"

Likita ta ce fatawa ba tata ba ce, amma ta yarda ta faɗa wa limamin unguwarsu abin da ta sani: mutumin bai san inda kansa yake ba. Liman ya saurare ta a waya, ya ce sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa. Da Mahfuz ya ji haka, ya sunkuyar da kai yana neman gafarar Ya Fanne, daɗi da kunya sun cika shi. Ya Fanne ta yafe, da sharaɗi ɗaya: kada wanda ya kuskura ya gaya wa malam, don ta san baƙin cikin zai fi ciwon ƙafar cin sa.

Ta gyara mayafi ta shiga. Zazzaɓin ya sauka, Malam Suhaibu na jingine da filo, ya rame, idonsa kuwa nasa ne.

"Uwar Raudatu," ya ce, "kunun nan damunki ne, na gane shi. Me ya hana ki kawo da kanki?"

Ta ɗauki kofin ta kai masa baki, ta ce:

"Ƙafa ce ta riƙe ni, malam. Ta warke."