Famfon Mama Esta

"Sakinatu, ruwan rijiya ne wannan," in ji Mama Esta, ta ture kofin da bayan hannu. "Na tsufa, amma harshena bai tsufa ba."

Na yi dariyar yaƙe. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nata a Tunga, kullum da safe nakan kai mata koko. Ta haura shekara ɗari, don ta ce tana goye a bayan uwarta jirgin ƙasa ya fara shigowa Minna. Ta koyar a makarantar mishan, ta yi aikin nas, rabin unguwar nan a hannunta muka faɗo duniya. Famfon bakin layinmu kuwa, ita ta yi ta jelen ofishin ruwa da sandarta har suka gaji da ganinta suka kafa mana shi.

To, masu gyaran titi sun fasa bututun, famfo ya ƙafe. Ita kuma tun da ta kwanta ciwo ba ta roƙon komai sai kurɓi ɗaya na ruwansa.

Ndanusa mai gyaran famfo ya ɗinke bututun tun tuni. Abin da ya rage a murɗa kan da ke bakin titi, shi ke nan. Sai Malam Ladan, shugaban ƙungiyar unguwa, ya hana.

"Haba Ndanusa! Mace kamar Mama a buɗe mata famfo a ɓoye? Sai ciyaman na ƙaramar hukuma ya zo ya yanka kyalle a gabanta, 'yan makaranta su yi waƙa."

Wallahi duk mun yarda, har anko muka ɗinka. Ciyaman ya sa rana, ya ɗaga, ya tafi Legas taro. Ya sake sawa, aka ce surukarsa ba lafiya.

"Ina Ndanusa?" Mama ta tambaye ni ran nan. "Yaron da na juya a cikin uwarsa, ya kasa juya ƙarfe?"

"Mama, biki za a yi miki. Asabar mai zuwa."

"Biki." Ta rufe ido. "Ni ƙishirwa nake ji, 'yata."

Na fito daga ɗakinta. Na je na sami Malam Ladan, ya ce kwana nawa ne, mu yi haƙuri, an riga an yi hayar rumfa.

Ran Laraba da hantsi ina suyar waina na ji kukan Rose, jikarta. Na bar tanda a wuta na ruga. Mama ta tafi, hannunta ɗaya a kan kofin nan na tasa.

Ndanusa bai tambayi kowa ba. Ya ɗauko sufana ya durƙusa bakin titi yana hawaye. Malam Ladan na tsaye, ya cire hula. Famfon ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, can sai ga shi fari tas. Ba ciyaman, ba waƙa. Kai, na ji kunyar ankon da ke cikin akwatina!

Rose ta tara ƙwarya ta cika, ta ɗora a kafaɗa irin ɗaukar Gbagyi, yadda kakarta ke yi, ta nufi ɗakin da za a yi wa Mama wanka. Na bi ta a baya da kofin, na cika shi har baki, ban san wa zan miƙa wa ba.