Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Diddige

Wata takwas Baba ya yi yana yi wa mutumin da muke kira Mai Zane walda. Shi dai ya zo da takarda, ya nuna abin da yake so, ya koma mota ya kunna sanyi. Baba ne mai yanka ƙarfe, ya lanƙwasa, ya haɗa, har idonsa ya yi jawur. Inna kuwa ba ta taɓa yarda aiki ne ba.

"Mutane na haɗa ƙofa da taga, kai kana fama da tarkace," in ji ta.

Shi ya sa ranar buɗe baje kolin da za a nuna aikin Baba ya nace sai ta je. Mai Zane ya yi masa alkawarin za a rubuta sunansa a katin bayanin aikin, kuma so yake ta gani da idonta. Ni aka ɗauka don in karanta musu.

Zauren fari fat, fitilu ta ko'ina, manyan mutane riƙe da kofunan lemo suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. A tsakiya ga aikin nan tsaye: wata mata ta ƙarfe da ta ninka ni tsawo, ɗauke da kwano a ka, ta ɗaga diddigen hagu za ta taka. 

Na karanta katin sau uku. Sunan Mai Zane, shekara, sai "ƙarfe da tsohuwar sarƙar keke". Har sarƙar keke ta samu shiga, ban da ubana.

Baba ya ga fuskata, bai tambaya ba. Ya miƙa hannu zai ƙwanƙwasa gwiwar matar, yadda ya saba sauraren haɗi ko ya kama.

"Baba, ba a taɓawa," in ji mai gadi.

"Ni na haɗa ta."

"To, a dai koma bayan layi."

Sai ga Mai Zane da baƙinsa. Ya dafa kafaɗar Baba yana murmushi, ya ce musu, "Wannan yana taimaka mana da ɗauke-ɗauke."

Wallahi ji na yi kamar in watsa masa lemon hannuna. Mutumin da ko sandar walda bai san ta ina ake riƙewa ba. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Malam," Inna ta ce wa Baba, "ka sa ɗigonka?"

Shekara talatin duk abin da Baba ya haɗa sai ya ɗiga walda uku a ƙarƙashinsa. Suna jikin gadonta, suna jikin murhunmu.

"Suna ƙarƙashin diddigen. Bari kawai, mu tafi."

Inna, mai ciwon gwiwar da sallah ma a zaune take yi, ta tattare zaninta ta durƙusa a bakin layin, ta kwantar da kunci a kan tayil. Mai gadi bai hana ta ba, don ba ta taɓa komai ba.

"Ga su nan, uku," ta ce da ƙarfi. "Irin na gadona."

Wata mata mai tabarau ta ɗauka haka ake kallon aikin, ta durƙusa ita ma. Wasu biyu suka bi ta. Ɗayansu ya ɗago ya tambayi Mai Zane me ɗigon nan uku ke nufi. Shi kuwa bai ma san da su ba.

"Tambayi mai su," in ji Inna. "Ga shi nan tsaye, mijina ne."

Katin dai yana nan yadda yake, kuma har yau ban huce ba. Baba ya sunkuya ya kama hannunta.

"Tashi mana, gwiwarki."

"Bar ni, Malam," ta ce. "Ban gama kallo ba."