Tukwane Biyu a Hanyar Jahun

Tun safe Malam Gwadabe yake durƙushe a ƙofar shagonsa na walda a Dutse, yana haɗa kurar da za ta riƙa ɗaukar masa tukwanensa biyu, ta gas da ta oksijin, don bayansa ya daina jure ɗaga su. Ya gama gindin, ya tayar da ƙarfen jingina, ya sa sarƙar ɗauri. Sandar tayoyin ce kawai ya ɗiɗɗiga wa walda a wuri huɗu, da niyyar ya bi ta sosai bayan azahar.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ƙaninsa Mu'az ya tsayar da akori-kurarsa a bakin shagon, ko injin bai kashe ba.

"Yaya, ɗauko kayan yankan ƙarfe. Babbar mota ce ta faɗi da lodin riɗi a hanyar Jahun. Kan motar ya matse direban, an yi an yi an kasa zaro shi."

"Yana da rai?"

"Na baro shi yana magana. Amma motar ta gangara cikin gona da nisa, motata ba za ta shiga yashin ba."

Gwadabe ya dubi kurar. "Ba ni minti ashirin in ƙarasa sandar nan."

"Jini yake zubarwa, Yaya."

Gwadabe ya jawo kurar. Suka ɗora tukwanen, suka ja sarƙa, maƙwabta suka kama aka hau da ita bayan mota.

Da suka isa, manoma da matafiya sun cika bakin titi. Motar na kwance a gefenta can ƙasa, buhuna sun watse. Gwadabe ya gargaɗi mutanen da suka zo taimako cewa kada tukunyar gas ta kwanta ko kaɗan, domin in ta kwanta sai an jira awanni kafin a kunna wuta da ita. Ya kama hannun kurar, Mu'az ya tare ta gaba, suka fara gangarawa.

Sun yi rabin hanya sai aka ji ƙas. Waldar hagu ta ɓalle, tayar ta karkace, tukwanen suka yo gefe. Mu'az ya kai kafaɗarsa ya tokare su, gwiwarsa ta nutse a yashi.

"Ku kama gindin," in ji Gwadabe. "A tsaye za mu kai ta."

Mutum huɗu suka ɗaga kurar ɗungurungum, suna takawa a hankali, Mu'az na manne da tukwanen har suka dire ta.

Warin dizal ne ya fara tarar su. Tankin ya fashe, man ya jiƙa ƙasa har ƙarƙashin kan motar. Gwadabe ya sa aka matsar da jama'a baya, aka yi ta zuba yashi a kan man, wasu suka ɗebo ruwa a jarkoki daga rijiyar gonar. Sannan ya leƙa ta inda gilashi ya fashe. Direban ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Sandar sitiyari ta lanƙwashe ta danne masa cinya.

"Yaya sunanka?"

"Zailani."

"To Zailani, zan yanke ƙarfen nan kusa da kai. Za ka ji zafi, amma kada ka motsa."

Ya lulluɓe masa ƙafafu da jiƙaƙƙun buhuna, ya ja tiyo, ya kunna wuta. Wurin ya yi tsit, sai hucin bakin wutar. Ƙarfen ya yi ja, ya soma narkewa, tartsatsi na zuba kan buhunan.

"Malam, zafi."

"Na sani. Kana da 'ya'ya?"

"Ɗaya. Fiddausi."

"Ta shiga makaranta?"

"Bana za ta…"

Wani tartsatsi ya faɗa inda yashi bai rufe ba, harshen wuta ya tashi a gefen ƙafar Gwadabe. Ya gan shi ta wutsiyar ido, amma bai ɗaga hannu daga ƙarfen ba. Mu'az ya zube ƙasa ya danne wutar da yashi da tafukansa har ta mutu.

"Zailani, ina jin ka. Bana za ta me?"

Kan direban ya langaɓe.

Saura kamar kaurin yatsa sandar ta rabu. Gwadabe ya ji hannunsa na son yin sauri, ya hana shi, don in ya gaggauta yankan zai toshe ya koma farko. Gumi na shiga masa ido ta ƙarƙashin tabarau. Da sandar ta rabu ya kashe wuta, ya ce a kawo ƙarfen banƙara. Mutum uku suka danna, sitiyarin ya ɗaga, aka zaro Zailani. Wani dattijo ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ce yana numfashi.

Aka kwantar da shi a bayan akori-kurar. Tafukan Mu'az sun ɗuri ruwa, don haka wani matafiyi ne ya karɓi tuƙi zuwa asibitin Jahun. Gwadabe ya zauna a kan buhun riɗi, ya karɓi kofin ruwan da aka miƙo masa.

Bayan la'asar Mu'az ya kira shi a waya daga asibitin. Ƙafar Zailani ta karye wuri biyu, an ƙara masa jini, likita ya ce ba za a yanke ta ba. Ya farfaɗo, har ya ba da lambar matarsa.

"Alhamdu lillahi. Hannuwanka fa?"

"An naɗe su. Sai dai ka nemo wanda zai maido ni da motar gida."