Yatsun Baba Sobande

Shekara ashirin Baba Sobande yana damun kwamitin cocinmu na Abeokuta da magana ɗaya: a mayar da ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututu, yadda Turawan mishan suka kafa shi. Shi ke kaɗa shi tun kafin a yaye ni, amma kullum cikin mita yake, wai wayoyin lantarkin da aka cusa masa bayan yaƙin basasa sun kashe masa murya.

Ya manta wayoyin nan ne ke ɗauke masa nauyi. Da su, shafa maɓalli kawai zai yi, bututu ya amsa. Yatsunsa kuwa sanyin ƙashi ya riga ya tanƙwara su, ko cokali da ƙyar yake riƙewa.

Mama Adunni, uwar ikilisiya, ba ta manta ba. Ɗanta Kolapo ya daɗe yana jiran kujerar makaɗin ogan. Rana ɗaya ta miƙe a taro ta goyi bayan tsohon.

"A yi wa Baba abin da yake so. Kada a bar ko waya ɗaya."

Baba har da ƙwalla. Ni ina cikin mawaƙa, na gane inda ta dosa, na ja bakina saboda ita ke zaɓen masu jan baiti. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata tara masu gyara suka yi. Suka cire wayoyi, suka mayar da sandunan katako masu buɗe wa bututu iska da ƙarfin yatsa. Babbansu ya nemi Baba ya zo ya gwada, Mama ta hana.

"Ku bar shi, ranar buɗewa za mu ba shi mamaki."

Ranar buɗewa coci ya cika, kowa da anko. Baba ya hau, ya ɗora hannu. Sauti biyu suka fita, na uku ya ƙi. Ya danna har da kafaɗa, yatsa ya zame. Muna tsaye baki buɗe, waƙa ta ƙi tashi. Ya sake gwadawa, wani a baya ya fashe da dariya.

Mama ta taka a hankali har gabansa, ta durƙusa yadda ake yi wa manya, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Baba, kun gaji. Ku sauko ku saurari aikinku."

Kolapo ya hau kujerar, ya fara kaɗawa. Muryar da ta fito ban taɓa jin irinta ba, har benci yana rawa. Baba ya tsaya gefena, ya cusa hannuwansa cikin hammata.

"Kin ji, 'yata?" in ji shi. "Na gaya muku haka muryarsa take."