Matafiya Biyu a Hanyar Kurfi

"Ajiye biron nan, Raihana," in ji Malam Tukur. "Rufe ido."

Ina gefe ina fifita masa kunu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi nake leƙowa in taya matarsa, Hajiya Turai. A jami'a ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, amma ni dai ban taɓa jin lissafin da ake yi ido rufe ba sai a wurinsa. Raihana ɗalibarsa ce, daga Kurfi take zuwa nan Dutsin-Ma kullum. Wani mataki ne ya tsaya mata a aikin digiri na biyu, har ta ce in ya gagara za ta haƙura da karatun.

"Mutum ya bar Dutsin-Ma da hantsi, ya kwana Kurfi." Muryarsa can ƙasa, kamar mai magana cikin barci. "Washegari da hantsi ya juyo ta wannan hanya. Akwai inda zai taka daidai lokacin da ya taka shi jiya. Ko ya yi sauri, ko ya tsaya shan fura."

"Malam, ai ba su karɓar wannan a matsayin hujja."

"Hujja aikinki ce, ɗiyata. Ki fara ganin abin tukuna."

Ranar haka ta tafi ba ta gani ba. Ta ba ni tausayi, shi ma haka, don har zaure ya bi ta da kallo.

Da asuba ya cika. Dangi suka ce a Kurfi za a rufe shi, kusa da mahaifinsa. Rana na ɗagawa aka sa shi a wata farar bas, maza suka bi. Ba wanda ya tuna ya kira Raihana.

Can sai ga ta da sauri, mayafi na zamewa.

"Inna Mardiya, na gani. A mai da shi mutum biyu, su tashi rana guda, ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Dole su haɗu. Malam ya farka?"

Na kama hannunta na gaya mata. Ta yi salati.

"Farar bas?" ta ce. "Mun wuce juna. Har direbanmu ya rage gudu."

Ta durƙusa bakin tabarmarsa da ba a kai ga naɗewa ba, ta ɗora tafin hannu inda kansa ya lotsa matashi.