Dafaffen Iri

Ranar da aka aiko mata cewa mijinta ya cika a asibiti, ƙaninsa Mai Lambu ne ya fara sallama. Shi ne ya taɓa yi wa marigayin musaya da irin da ya dafa don kada ya tsiro, bawan Allah ya shekara yana ban ruwa a banza.

Bakinsa na ta'aziyya, idonsa na kan tukunyar da mijinta ya shuka ƙwallon wani baƙon itace daga ƙetare.

"Matar yaya, ba ki iya rainonsa ba. Ba ni kada ya lalace."

"Sai dai in dafa maka, maƙetaci. Fice min daga gida!"

Har yau ƙwallon bai tsiro ba. Kullum da safe takan taɓa ƙasar da yatsa, ta yayyafa ruwa.